Kafin a Sayi Fili a Bakin Fadama: Darasi Daga Kwalkwalawa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa fita daga birnin Sakkwato ya nufi mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya san Kwalkwalawa. Hanya takan gangaro daga tudun birni, ta ratsa fadamar Gulbin Rima a bisa cikon ƙasa da gadoji, sa'an nan ta sake hawa tudu wajen Dundaye. A nan tsakani ƙauyen yake, cikin Ƙaramar Hukumar Wamakko, ga masu sayar da kifi da kayan lambu a bakin titi. An kafa jami'ar a shekarar 1975, kuma tun da ta koma wannan mazauni hanyar ba ta rabuwa da ɗalibai da ma'aikata safe da yamma.

Birni yana ta faɗaɗa, kuɗin haya yana ta hawa. Saboda haka malamin makaranta ko ƙaramin ma'aikaci da ya daɗe yana tara ɗan abin da ya samu, idonsa yakan koma kan irin waɗannan wurare da ke bakin gari, inda fuloti yake da sauƙin kuɗi, ga kusa da kasuwa, ga kusa da wurin aiki. Galibi kuwa da rani ake zuwa ganin fili. A watan Maris ƙasa ta bushe ƙayau, dillali yana nuna iyaka da sanda, mai saye yana ƙiyasta inda zaure zai zauna. To, abin da ya gani rabin labarin filin ne. Sauran rabin sai a watan Agusta da Satumba yake bayyana, lokacin da kuɗi sun riga sun fita daga hannu.

Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa ɗalibi yadda ilmin halittu da ake koya masa a aji zai iya karanta wancan rabin da rani ya ɓoye, tun kafin a biya ko kwabo.

Mece ce fadama?

Ita dai fadama shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce da ke gefen gulbi, wadda gulbin da kansa ya gina. Duk shekarar da ya cika ya tumbatsa, sai ruwa ya bazu, gudunsa ya ragu, ya sauke laka da yashin da ya ɗauko daga nesa. A hankali, cikin dubban shekaru, wannan laka ta taru ta zama ƙasa mai albarka da ake noman shinkafa a kanta da damina, a kuma yi albasa da tumatir da tattasai da rani. Watau fadama wani sashe ne na gulbi, wanda yake barin sa na wasu watanni ko wasu shekaru, amma ba ya mantawa da shi.

Ruwan da ke wucewa ta Kwalkwalawa ba na sararin samaniyar Sakkwato ba ne kaɗai. Gulbin Rima yana tattara ruwan Gagare da Bunsuru daga ƙasashen Zamfara da Katsina, da na Gulbin Maraɗi wanda yake shiga Jamhuriyar Nijar ya komo. Kusa da birni kuma yana haɗuwa da Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa, su tafi tare har Kogin Kwara. A kan Gulbin Sakkwato akwai madatsar Bakolori da aka gama a 1978, a kan Rima kuwa akwai madatsar Goronyo da aka gama a 1984, mai ɗaukar ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Ma'anar wannan ita ce, ana iya kwana uku ba a ga ko yayyafi a Sakkwato ba, amma gulbi ya yi ta hawa, domin ruwan da aka yi a Katsina ko Maraɗi yana tafe.

Haka aka gani a watan Satumba na shekarar 2010. An yi ruwa mai yawa a yankin duka, madatsar Goronyo ta cika, ruwa mai ɗimbin yawa ya kwararo. Garuruwa da gonaki a ƙananan hukumomin Goronyo da Wurno da Kware da Wamakko da Silame sun sha ruwa, hanyar jami'a ta yanke, har aka dakatar da karatu na wani lokaci. Tsofaffin Kwalkwalawa da kewaye sun san inda ruwan wannan shekara ya tsaya, kuma wannan sani ya fi duk wata magana ta dillali daraja.

Abin lura shi ne, mutanen dā sun fahimci wannan. Sa'ad da Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato a 1809, a kan tudu ya kafa shi, yana hangen fadama daga sama. Tsofaffin ƙauyukan fadama su ma galibi a kan ɗan tudu ko jigawa suke zaune, kwari kuwa a bar wa shinkafa. Sabon fulotin da ake yankawa a gefen tsohon gari sau da yawa yana kan ƙasar da kakanni suka ƙi ginawa, ba kuwa don ba su gan ta ba.

Ɗan lissafi

Wani yakan ce, ai ambaliya ba kullum take zuwa ba. Gaskiya ne, amma gida ba don shekara ɗaya ake gina shi ba. A ɗauka wani fili ruwa yakan hau shi sau ɗaya cikin shekara 20. A kowace shekara, yiwuwar ya tsira ita ce kashi 95 cikin 100. Idan aka ninka 0.95 da kanta sau 30, za a sami kusan 0.21. Watau cikin shekara 30 yiwuwar gidan ya tsira ba tare da ruwa ya shige shi ko sau ɗaya ba kashi 21 ce kawai cikin 100, yiwuwar ruwa ya shiga kuwa ta kai kashi 79. In filin na sau ɗaya cikin shekara 10 ne, yiwuwar ta haura kashi 95. Ko filin da ake cewa sai sau ɗaya cikin shekara 100, lissafinsa na shekara 30 yana ba da kashi 26. Har ila yau, zuwan ambaliya bana ba ya hana ta zuwa baɗi, kamar yadda faɗuwar kwabo a kan fuska ɗaya ba ta hana shi sake faɗuwa a kanta.

Akwai kuma ruwan saman da ke sauka a kan filin kansa. Fuloti mai ƙafa 50 da ƙafa 100 ya kai kimanin murabba'in mita 450. Ruwan sama na milimita 50, wanda ana iya yin sa a dare ɗaya cikin Agusta, zai zuba lita 22,500 a kan wannan fuloti, watau fiye da duro 110. A tudu mai yashi ruwan yakan nutse ko ya gangare. A kwari mai laka kuwa ba shi da wurin zuwa, sai ya kwanta a tsakar gida.

Shaidu uku da ba sa ƙarya

Shaida ta farko ita ce tsirrai. Kowane tsiro yana da irin wurin da ya dace da shi, domin saiwa ma tana numfashi, kuma ƙasar da ruwa ya cika kafofinta ba ta da isasshiyar iskar oksijin. Tsirrai kaɗan ne suke jure wannan. Bado da kachala da burugu suna da ƙananan hanyoyin iska a cikin jikinsu da ke kai oksijin daga ganye zuwa saiwa, shi ya sa suke rayuwa cikin ruwa. Itacen giyayya kuwa sananne ne a wuraren da ruwa ke kwanciya wata da watanni. Wanda ya ga busassun kararen kachala, ko giyayya, ko kututturen shinkafa a fili, to filin ya riga ya faɗa masa halinsa. Sabara da tumfafiya kuwa sun fi son busasshiyar ƙasa ta tudu. A duba kuma jikin itatuwa: ambaliya takan bar zoben laka a gindinsu, ta rataya ciyawa da leda a rassan ƙasa. Ɓawon katantanwar ruwa da aka tsinta a busasshen fili shi ma alama ce cewa ruwa ya daɗe a nan.

Shaida ta biyu ita ce ƙasa. A haƙa rami mai zurfin mita ɗaya a dubi launinta. Ƙasar da iska ke ratsawa ja ce ko ruwan ƙasa-ƙasa, domin ƙarfen da ke cikinta ya haɗu da oksijin, kamar dai tsatsa. Inda ruwa ke daɗewa kuwa, ƙwayoyin bakteriya sukan cinye oksijin ɗin duka, sa'an nan wasu daga cikinsu su koma kan ƙarfen, su sauya shi, ƙasa ta zama toka-toka ko shuɗi-shuɗi. Idan aka ga toka-toka da ɗigon ja a ciki, alama ce ruwan ƙarƙashin ƙasa yana hawa yana sauka a daidai nan kowace shekara. Wani lokaci har akan ji wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Sa'an nan a jiƙa ƙasar kaɗan a murza ta tsakanin tafin hannu. In ta yi igiya doguwa da za a iya lanƙwasawa ba ta tsinke ba, laka ce. Irin baƙar lakar da ke dardarewa da rani tana kumbura da damina, tana ɗaga harsashin gini tana sauke shi, har bango ya tsage.

Shaida ta uku ita ce bangon maƙwabta. Ruwa yana hawa ta cikin ƙananan kafofin bulo da tubali kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila. Idan ya kai wani tsawo sai ya bushe, ya bar gishirin da ya ɗauko. Shi ne farin abin nan mai kama da kanwa da ake gani a gindin bango, wanda ke zubar da yaɓe da fenti. Bangon da ya yi duhu daga ƙasa har zuwa gwiwa, ko wanda ke da miƙaƙƙen layin laka a jikinsa, ya ba da labarin da ya isa.

Bayan waɗannan uku sai a nemi dattijon da ya daɗe yana noma a wurin. A gaishe shi da ladabi, a ce, "Baba, don Allah ina ruwan shekarar da gada ta yanke ya tsaya?" Zai nuna wurin da sandarsa. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Maƙwabtan da ba a gani ranar ciniki

Na farko sauro. Macen sauro irin na Anofilis ita ke ɗaukar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, abin da Ronald Ross ya gano a Indiya a 1897. Tana zuba ƙwai a ruwan da ke kwance, musamman ƙananan kududdufai da rana ke bugu, irin sawun shanu, da ramin da aka ɗebi ƙasar gini, da fangalin shinkafa. Ƙwai ya ƙyanƙyashe ya zama tsutsa, tsutsa ta rikiɗe, sauro ya fito, duka cikin kwana 7 zuwa 14 in akwai ɗumi. A tudun Sakkwato sauro yakan ragu ƙwarai da rani saboda rashin ruwa. A bakin fadama kuwa noman rani da guntayen tafkuna sukan tsawaita kakarsa. Nijeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya, kuma ƙananan yara da mata masu juna biyu su suka fi shan wahalarsa.

Na biyu tsargiya, watau fitsarin jini. Wata siririyar tsutsa ce ke kawo ta, wadda likita Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851. Rayuwarta kewaye ce tsakanin mutum da katantanwa. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe, ɗan abin da ya fito ya nemi wata ƙaramar katantanwar ruwa ya shiga jikinta. Bayan mako 4 zuwa 6 sai dubban 'ya'ya masu wutsiya su riƙa fitowa, musamman da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke wanka. Ba sai an sha ruwan ba: ta fata suke shiga. Su girma cikin jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, su yi shekaru suna zuba ƙwai, ƙwan kuwa shi ke raunata mafitsara har jini ya fito. A wasu wurare akan ɗauki fitsarin jini alamar yaro ya fara girma. Wannan kuskure ne. Cuta ce da ke rage jini, ta hana yaro ƙoƙari a makaranta, in ta daɗe ta taɓa ƙoda. Tana da magani, firazikwantel, wanda ake samu a asibiti, ana kuma raba shi a makarantu. Ruwan gulbin da aka ajiye kwana biyu ba a taɓa ba ya kuɓuta daga waɗannan 'ya'ya, domin ba su rayuwa fiye da haka in ba su sami mutum ba.

Na uku yana tsakanin rijiya da masai. A fadama ruwa yana kusa, da an haƙa kaɗan sai a same shi, mai saye kuwa yakan ɗauki wannan a matsayin garaɓasa. Amma ƙasa ita ce matatar da ke tsare ƙwayoyin cuta, kuma sai da isasshen kauri na busasshiyar ƙasa take wannan aiki. In gindin masai ya taɓa ruwan ƙarƙashin ƙasa da damina, to masai da rijiya sun zama abu ɗaya. Ta haka amai da gudawa da zazzaɓin taifot ke yaɗuwa. Tun a 1854 John Snow ya nuna a birnin Landan cewa famfo ɗaya da ƙazanta ta shiga shi ya kashe ɗaruruwan mutane a unguwa guda. Ana so a bar tazarar mita 30 tsakanin rijiya da masai, rijiyar kuma ta kasance ta wajen tudu. Fuloti mai tsawon ƙafa 100 da ƙyar ya kai wannan tazara, kuma masan maƙwabci yana bayan katanga. Saboda haka wannan lamari ne na unguwa gaba ɗaya.

Takarda da shaidu

Filin da ya tsallake binciken kimiyya saura binciken doka. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Abin da mutum ke mallaka shi ne haƙƙin zama da amfani. A yankin da aka ayyana birni ne, gwamna ke ba da takardar shaidar mallaka, galibi ta shekara 99 ga gidan zama, kuma ana bukatar amincewarsa kafin a sayar. A karkara ƙaramar hukuma ke ba da haƙƙi irin na gargajiya. Wuraren bakin gari irin Kwalkwalawa suna kan gaɓa, don haka wajibi ne a je ma'aikatar filaye ta jiha a tabbatar da matsayin filin, a ji ko yana cikin harabar wata hukuma, ko kan hanyar da aka tsara, ko mashigar ruwa. Yawancin filayen nan gonakin gado ne. In ba a raba gado ba, sa hannun ɗa guda bai isa ba. A nemi yardar magada duka, mata da maza, a rubuta yarjejeniya gaban mai unguwa ko hakimi da shaidu, a sa safiyo ya auna ya kafa duwatsun iyaka. A sani kuma takarda tana kare mutum daga ɗan'uwansa mutum ne kawai. Gulbi ba ya karanta ta.

Ga wanda ya riga ya zauna

Ba a cewa kowa ya tashi daga bakin fadama. Mutane sun zauna a nan ƙarni da ƙarni, suna ci daga kifinta da shinkafarta, birni ma yana ci. Abin da ake bukata shi ne zama da sani. A ɗaga daɓen ɗaki sama da inda ruwa mafi girma ya taɓa kaiwa. A shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta tsakanin harsashi da bango don tare danshi. A ɗaga bakin rijiya a rufe shi, a tafasa ruwan sha ko a sa masa sinadarin kulorin, musamman bayan ambaliya. A cike ramukan gini, a kwana cikin gidan sauro mai magani, a kai yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 karɓar maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa wata-wata da damina. A saurari hasashen damina da na ambaliya da hukumomin yanayi da na ruwa na ƙasa ke fitarwa kowace shekara, da sanarwar sakin ruwa daga Goronyo. Hatsi da takardu kuwa a sama musu wuri mai tudu tun kafin Agusta.

Akwai kuma abin da ya wuce gida ɗaya. Fadama kamar soso take: tana karɓar ruwan da ya yi wa gulbi yawa, ta riƙe shi, ta sake shi a hankali, wani ya nutse ya ciyar da rijiyoyi. Duk fulotin da aka cike da ƙasa aka kewaye da katanga, an rage wa ruwa masauki, sai ya nemi wani, sau da yawa gidan maƙwabci ko gonar na ƙasa. An kuma rasa gonar da ke ba da amfani sau biyu a shekara, wadda ba za ta komo ba.

Kammalawa

An ga cewa fadama ginin gulbi ce, kuma yana komowa gare ta. An ga yadda tsirrai da launin ƙasa da bangon maƙwabta ke faɗin tarihin ruwa a fili, da yadda sauro da tsargiya da gurɓatar rijiya ke bin ruwan da ke kwance. Shawarar da ta tattara duka ita ce, kada a sayi fili a bakin fadama sai an gan shi sau biyu, sau ɗaya da rani, sau ɗaya a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, washegarin ruwa mai ƙarfi. Mai sayarwar da ya ƙi jiran wannan, shi ma ya ba da tasa shaidar. Araha dai ba ta ado.

Aikin aji

1. A ɗebo ƙasa daga tudu da kuma daga fadama. A zuba kowace a kwalba har rabi, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye kwana ɗaya. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka a sama. A auna kaurin kowane da rula, a kwatanta.

2. A huda gindin gwangwani biyu, a cika su da waɗannan ƙasashe, a zuba wa kowane ruwa kofi ɗaya. A duba agogo a ga wanne ya riga tsiyayewa. Me wannan ke nufi ga mai gini?

3. A lissafa litar ruwan da za ta sauka a filin makarantarku in an yi ruwan milimita 30.

4. A zana kewayen rayuwar tsutsar tsargiya, a nuna wurare uku da za a iya yanke shi.

5. Ɗalibai su tambayi dattawan unguwarsu shekarun da aka yi ambaliya da inda ruwa ya tsaya, su zana taswira. Malami ya kula kada ɗalibi ya shiga ruwan tafki ko ya taɓa katantanwa da hannu tsirara yayin wannan aiki.